Daminar da Na Sayar da Gwanjo a Waya

Bana marka ta zo da wuri. Tun kafin gero ya fitar da kai sama ta rufe, ruwa ya dinga sauka a hankali, ba tsawa ba iska, irin wanda ba ya ɗaukewa sai dai ya sassauta. Tsakar gidanmu a Birnin Kudu ta zama taɓo, sai da muka jera bulo muna takawa zuwa madafa. A cikin wannan hali amaryar maƙwabtanmu ta shigo da lema, ta gaishe ni, ta zauna a bakin tabarma tana juya waya a hannu. Wai an ce mata na taɓa sayar da gwanjo a waya, tana so in koya mata, don albashin mijinta ba ya kai su tsakiyar wata. Na gaya mata abin da na sani. Ta goge kaya kafin ta rataye, ta ɗauki hoto da hantsi kafin rana ta yi ƙarfi, kuma ko da wasa kada ta sayi dila a rufe. Ta yi godiya ta tafi. Ni kuwa ta bar ni da wata damina da na daɗe ban bari ta zo min a rai ba.

Shekarar da ruwa ya yi mana ɓarna ce. Lokacin yarana huɗu, ƙaramar ba ta daɗe da yaye ba. Maigidana, Malam Haruna, ba shi da wata sana'a sai noma. Gonarsa tana wajen Surko, a gangare kusa da fadama, irin gonar da in shekara ta yi kyau kowa yake sha'awa. Amma kakar da ta wuce amfanin bai yi auki ba, kafin ruwan shuka ya sauka mun riga mun ga gindin rumbu. Bazarar ta yi zafi ƙwarai. Kwanon ɗaki yana ƙara da rana kamar ana taka shi, ruwan randa ya yi ɗumi, yara duk ƙurajen zafi sun feso musu a wuya. Muka koma awo a kasuwa, kuma duk ranar da Malam ya je ya dawo sai in ga ledar ta fi ta jiya ƙanƙanta.

Da ruwa ya sauka muka ɗan samu sanyin rai. Malam yakan fita da sassafe da fartanya a kafaɗa, in dama masa kunu ya tafi da shi a jarka. Shuka ta fito da kyau, ya yi noman fari shi kaɗai don babu abin biyan 'yan ƙwadago. In ya dawo da la'asar tafin hannunsa duk ya faffashe, in ɗora masa ruwan ɗumi, ya zauna yana ba ni labarin yadda gero ya yi duhu. Abin da ya rage mana shi ne mu kai kaka da rai. To amma tsakanin noman fari da kaka akwai nisa ga mai yara huɗu.

Katangarmu ɗaya da wasu 'yan haya, mutanen wajen Jos, Kiristoci. Mijin bakanike ne a bakin tasha, matar muna kiranta Maman Bitrus, ita kuma tana ce min Maman Sadiya. Mace ce mai fara'a da yawan magana, Hausarta tana da ɗan gargada amma ba ta jin kunyar ta. Ita ta kawo min shawarar gwanjo. Ta ce ta taɓa yi a kasuwar garinsu kafin su taso, kuma yanzu ba sai an kasa a kasuwa ba, mata suna sayarwa daga cikin ɗaki, hoto kawai za ka sa a waya mai so ya yi magana. Ta ce in muka haɗa hannu muka sayo dila ɗaya, ribar za ta riƙe mana tukunya har a yi girbi. Ina da wata waya mai fasasshen gilashi da ƙanina ya bar min. Na yi wa Malam maganar, ya ce in dai ba fita zan dinga yi ba, Allah ya sa albarka.

Awakina na sayar, har da wadda take da ciki. Maman Bitrus ta kawo abin da ta kwasa a adashi. Ita ta je Kano, ta dawo da yamma da dila a bayan mota, aka turo mana ita a baro har tsakar gida. Dillalin ya rantse mata kayan yara ne da dogayen rigunan mata. Muka datse ƙarafan da aka ɗaure dilar da su, ta buɗe tana kumbura, wani warin magani ya cika gidan. A sama kam rigunan mata ne masu kyau da 'yan kayan yara, har muka fara murna. Da muka ɗaga waɗannan, duk abin da ke ƙasa rigunan sanyi ne, manya-manya masu nauyi, wasu da gashi a wuya, da suwaita masu kaurin bargo, kayan mutanen ƙasar ƙanƙara. Muka dinga zarowa muna jefarwa gefe ko za mu tarar da wani abu daban, har muka kai ƙarshe. Gumi yana ɗiga daga haɓata a kan wata jibgegiyar riga mai ulu.

Maman Bitrus ta kira dillalin. Ya ce dila sa'a ce, shi ma a rufe ya saya. Ta ajiye wayar, ta yi wata 'yar dariya, ta ce kada in damu, in sanyi ya zo sai mun rasa hannun karɓar kuɗi. Na ce to. A raina na san cikin yara bai san wani lokacin sanyi ba.

Haka muka fara. In Malam ya fita na gama shara, sai ta zagayo. Mu ware masu kyau, mu wanke, mu shanya. Ni nake guga da dutsen gawayi, ina hura shi har idona ya yi ja, ita tana ɗinke inda ya ɓalle da maye maɓalli. Muka kafa ƙusa a bangon ɗakina, muka rataya farin zanen gado, a nan muke ɗaukar hoto. Wuta ba ta zuwa, sai an kai waya shagon caji. In wayar ta dawo in sa hotuna a sitatus, Maman Bitrus kuma ta tura guruf-guruf na mata, na cocinsu, na matan ma'aikata, na matan Gwaram da wata ta saka mu. A ƙarƙashin kowane hoto in rubuta cewa sabon kaya ya iso.

Mutane suna gani. Kana iya ganin sunan duk wanda ya duba. Wasu su ce Allah ya kawo kasuwa. Wasu su tambayi nawa, in ka faɗa shi ke nan, ba za ka ƙara jin su ba. Akwai wadda ta sa na ɗauki riga ta gaba, ta baya, ta ciki, na auna ta da igiyar awo, har data ta ƙare, da na sake sawa ta ce ai dama tambaya take yi. Duk da haka 'yan makaranta da wasu ma'aikata sun kwashe dogayen rigunan nan a farko-farko. Sai dai abin da ya shigo bai taɓa kwana ba. Daga hannun mai cirar kuɗi sai wajen mai awo, daga nan sai tukunya. Muka cinye riba, muka cinye uwa, tulin rigunan sanyi yana nan a lungun ɗaki kamar an kwantar da sa.

Sai marka ta kama. Ban taɓa ganin irinta ba. Gari ya waye a rufe, ya wuni a rufe. Itace ya jiƙe, in ka hura wuta hayaƙi kawai yake yi, ashana ta yi laushi, gishiri ya narke a kwano. Ɗakina ya fara yoyo, na jera kwanoni da bokiti, na dinga jan kayan daga wannan lungu zuwa wancan. Rigunan nan in suka sha damshi ba sa bushewa. Muka shanya su a igiya cikin rumfa, suka yi kwana da kwanaki suna ɗiga, har fumfuna ta fara fito musu, fari-fari da farko, daga baya baƙi. Muka goge da kananzir, muka wanke da toka, ta dawo. A unguwa kuma katangu suka fara faɗuwa. Sai ka ji wani ƙugi mai nauyi, sai salati, a ce gidan wane ne. Aka ce ruwa ya cinye hanyar Gwaram a wani wuri, mota takan tsaya a wannan gaɓa, mutane su tsallaka su shiga wata a can.

Wata rana Malam ya dawo tun kafin azahar, jiƙe har ƙugu. Yana riƙe da karan gero guda biyu, gindinsu ya yi baƙi ya ruɓe. Ya jingine su a bakin ƙofa, ya tsaya yana kallon su.

"Ruwa ya kwanta a gonar," in ji shi. "Ko kan kunya ba a gani."

Na tambaye shi ko in ya janye za a samu wani abu. Ya ce sai dai 'yar dawar da ke tudu. Ya shiga ya kwanta da jiƙaƙƙun kayansa. Ban taɓa ganin ya kwanta da rana ba sai ran nan.

Daga nan girki ya koma sau ɗaya. Da safe kunu, tsararo, wanda kana iya ganin gindin kofi. Da yamma in an samu gari a yi tuwo, in ba a samu ba in dafa rama ko tafasa in kwaɗa da ɗan ƙuli. Yunwar damina daban take. Ko'ina kore shar, ciyawa har gwiwa, kwaɗi suna ta kuka, amma babu abin kaiwa baki. Abin da ya fi damuna shi ne yadda yaran suka daina faɗa. Da can sai na yi ta rabiya, yanzu sai su zauna a bakin ƙofa suna kallon ruwa, ba mai taɓa wani.

Na san yunwa tun ina yarinya a Gwaram. Shekarun da aka yanke mana Jigawa daga Kano an yi wata damina mai wuya, ina tuna mahaifiyata, Inna, da matan unguwa suna fita tare da ƙwarya a ka neman ganye, su dawo suna hira. Kowa ya san babu a gidan kowa, in wata ta samu tsaki sai kwano ya tsallaka katanga. Ni kuwa a tawa daminar ina zaune da waya a hannu, hanjina yana kuka, ina rubuta wa mutane sabon kaya ya iso. In Inna ta sa an kira ni daga Gwaram, in ce lafiya lau muke, Malam yana gaishe ta.

Maman Bitrus ce ta lura cewa masu tambaya da yawa atamfa suke nema da leshi, ba kayan Turawa ba. Ta faɗa ne kawai cikin hira. Da ta tafi na jawo akwatina. Na fara da wani leshi da na yi fitar suna da shi, na goge, na rataye a ƙusar nan, na ɗauka. Na rufe wa 'yan uwana sitatus don kada su gani, na tura guruf. Kafin la'asar wata lamba da ban sani ba ta yi magana. Ta ce sunanta Talatu, a Gwaram take, tana so. Na faɗi kuɗi ina jiran ta taya, ba ta taya ba. Washegari ta turo, na ƙulle leshin a leda biyu saboda ruwa, aka kai tasha aka ba direba.

Bayan leshi sai mayafaina. Bayan su sai shaddar da nake zuwa biki da ita. Sai wata atamfa 'yar Holan mai ruwan goro da Inna ta ba ni lokacin da na haifi Sadiya, wadda na fi shekara goma ina adanawa. Duk abin da na sa, Talatu ce take fara magana. Maman Bitrus ta ce Allah ne ya aiko mana ita. Wata safiya Malam ya buɗe jakarsa, ya fito da babbar rigarsa ta Juma'a, ya ajiye a kan gado ya fita bai dube ni ba. Ita ma Talatu ta saya, wai ta mijinta. Da wannan muka ja har ruwa ya janye. Kaka ta zo, mutanen tudu suna yankan gero, mu abin da muka samu a kan kura ɗaya aka kawo shi, bai ma cika ta ba. Malam bai jira an gama sussuka ba ya bi wasu 'yan unguwa kudu cin rani.

Da aka gyara hanya na ɗauki ƙaramar na tafi Gwaram ganin Inna. Ni ce 'yar farinta, don haka ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta kuma sakin fuska da ni a gaban mutane. Tun rasuwar Baba ita kaɗai take a sashenta, tana kiwon tumaki tana ɗan kaɗi. Da na shiga na ga turken ba komai, ko kashin tumaki babu, an share. A ɗaki kuma bangon da take jera kwanoninta na tasa tun na aurenta ya zama fili, sai zagayen inda suka zauna. Ita kanta ta rame, wuyanta ya yi tsawo. Ta karɓi jikarta tana mata wasa, ni ta amsa gaisuwata tana kallon gefe kamar yadda ta saba. Ta kawo kunun kanwa, na ga irin namu ne, tsararo.

Na tambaye ta tumaki. Ta ce sun ishe ta, ƙafarta ba ta iya zuwa yankan ciyawa. Na tambayi kwanoni, ta ce wanki kawai suke ja mata. Can ta nuna ƙarƙashin gado da haɓa.

"Ke, jawo akwatin nan."

Na jawo na buɗe. Leshina ne a sama, a ninke. Ƙarƙashinsa mayafai, shadda, atamfar, har babbar rigar Malam. Na zauna a ƙasa, na kasa ɗaga kai.

Ta ce Talatu surukar maƙwabtanta ce. Wata rana Talatun ta shigo tana nuna mata hotunan kayan da ake sayarwa a Birnin Kudu, don dai hira. Inna kuwa da ta ga leshin ta gane shi, ta kuma gane bangon ɗakin. Sai ta dinga ba Talatu kuɗi tana saya mata, ta kuma hana ta faɗa min.

Na ce, "Inna, da kin bari. Ke ma ba ki da shi."

"Da na aiko miki da hatsi, mijinki zai ji kunya," in ji ta. "Ciniki kuwa ba kunya. Kwashe ki tafi da su. Mace ba ta zama ba sutura a garin aurenta."

Ta ja min kunne kada in gaya wa Malam inda rigarsa ta je. Ta tashi ta shiga hura wuta a ɗan murhun da take ajiyewa a cikin ɗaki, don ba ta son in ga fuskarta. Na kwana biyu na dawo da kayan a cikin buhu.

Da a ce a nan abin ya tsaya, da na ce an yi wahala an wuce. Sanyin da muke jira ya zo, muka buɗe rigunan, fumfuna ta cinye su, wasu kana ja suna yagewa. 'Yan masu dama-dama wani mai kasawa a kasuwa ya kwashe a tsibi, kuɗin ko akuya ɗaya ba za su saya ba. Sauran muka shimfiɗa wa yara. Aiki ya yi wa mijin Maman Bitrus ƙaranci, suka tattara suka koma garinsu. Ranar tafiyarsu ta rungume ni tana kuka tana neman gafara, wai ita ta ja ni. Na ce ba ita ba ce, ita ma adashinta ya tafi. Malam yana aiko da ɗan abin da ya samu, sai kuma ciwon baya ya kwantar da shi a can, aike ya tsaya. 'Yar dawar ta ƙare tun kafin zafi ya shigo. Ƙaramar ta kama zazzaɓi mai tafiya yana dawowa.

Na sake jawo akwatin. Wannan karon sai da na fita daga guruf ɗin matan Gwaram, na toshe lambar Talatu, sannan na kafa farin zanen. Baƙi suka saya, ɗaya bayan ɗaya, kowacce sai ta taya ta ƙara tayawa. Rigar Malam ta tafi Kano. Shi bai taɓa sanin ta dawo gidan ba balle ya san ta sake fita. Inna ta rasu a daminar da ta biyo baya. Na je wajenta sau da yawa kafin nan, da zane ɗaya kullum, tana gani, ba ta taɓa tambaya ta ba.

Atamfar ce ta ƙarshe. Wata mata a Dutse ta saya bayan ta rage kusan rabin abin da na faɗa. Ban wanke ba, ban goge ba, yadda Inna ta ninke ta haka na sa a leda na kai tasha da kaina. Washegari ina bakin murhu saƙonta ya shigo. Ta ce kaya ya iso, atamfar tana da kyau, sai dai tana warin hayaƙi kamar daga ɗakin tsohuwa aka fito da ita.

Na daɗe ina kallon saƙon. Sannan na rubuta mata cewa ta yi haƙuri, in ta wanke zai fita.